Burodin da Ba Ni Na Gasa Ba

Inna Fotini, don Allah ki agaza mini, tura ta kai bango.

Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Asabar nake kai burodin hadaya cocin ƙauyenmu, tare da takardar sunayen waɗanda za a yi wa addu'a, masu rai da matattu. Kowa yabona yake, wai babu mai hannu irin nawa. Alhali ban taɓa gasa ko guda a cikinsu ba. Maƙwabciyata Evdokiya ce ke yi. Ranar farko nawa ne ya ƙone, ta miƙo mini nata ta katanga, aka yaba, na ji daɗi, na ja bakina na yi shiru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matar nan ban san irinta ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ta roƙa kawai in riƙa sa sunan marigayi mijinta, Thanasis, a takardata. Kuma ba ta taɓa cewa ni na gasa ba. In ana yabona a gabanta sai ta ce, "Lallai ya yi kyau," ta wuce.

Yanzu ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta, ga limamin cocinmu, Baba Lefteris, ya sanar cewa ni zan koya wa matan coci gashin burodin kafin bikin Ista. Na ruga wurinta ina kuka. Ta zuba mini shayi, ta ce ba za ta tona ni ba, amma in Baba ya tambaye ta, ba za ta yi masa ƙarya ba. Haushinta na so in ji, na kasa. Kunya kamar in nutse. In ce ba ni da lafiya ne?

Mai Burodin Aro

'Yata, ciwon ƙarya ba ya wuce mako, kuma Ista duk shekara tana dawowa.

Ba sata kika yi ba, ba ki aka yi, kuma shekara goma sha ɗaya ba ki fasa zuwa coci ba. Amma yabon ba naki ba ne, kin kuwa sani. Sahihancin da Manzo Bulus ya koya wa kakanninmu shi ne abin da za a ɗaga a hasken rana, yadda muke ɗaga kwalbar zuma a kasuwa, ba a ga gauraye ba. Evdokiya haka take. Ta rufa miki asiri ba tare da ta ɓata harshenta ba, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ta burge ni ƙwarai.

Ki je wurin Baba Lefteris ki faɗa masa gaskiya tun kafin a tambayi kowa. Mata za su yi da ke, su gaji. Ranar koyarwa ki ajiye wa Evdokiya kujera a gaba, ita ta yi bayani, ke ki kwaɓa, tunda yatsunki lafiya suke. Burodinki na farko zai fito a karkace, ki kai shi haka nan.

A takardar kuma, kin daɗe kina rubuta mijinta cikin matattu. Wannan Asabar ki rubuta sunanta a sahun farko na masu rai. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sauƙaƙa mata ciwon hannu.

Inna Fotini