An ce in koyar da farin ciki, ni kuwa ba ni da shi

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa na wannan guruf, manya da ƙanana ina gaishe ku. Admin a sa mini wannan ba da sunana ba, akwai matan cocinmu a nan, wadda ta gane ni kuma ta rufa mini asiri ta yi kamar ba ta gani ba. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Malikanchi, ɗinki nake yi. Mijina ya rasu da daɗewa, Allah bai ba mu haihuwa ba, sai na dawo gidanmu na zauna da Innata. Ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata na cocinmu, kuma ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya. Da an kwashe amfanin gona an shiga bukukuwa to ba ni da Asabar tawa, yau Furana, wani satin Makarfi, har Kudan an sha aiko mini da mashin a ɗauke ni. In na karɓi makirfo aka buga tulun kiɗa, mata suka amsa, sai in ji kamar ba a ƙasa nake ba, in yi ta rawa baki har kunne, a ɗauke ni a waya a yi ta turawa. A lokacin da gaske nake jin daɗi, ba ƙarya nake yi ba. Matsalar ita ce abin ba ya raka ni gida. Tun a kan mashin yake fara zubewa, kafin in buɗe ƙofa in cire ɗankwali babu ko kaɗan, sai ciwon ƙafa da dashewar murya. In zauna in yi ta kallon bidiyon kaina har cajin ya ƙare, ina mamakin wannan matar da ke ta dariya.

Da Inna na da rai ban lura ba, domin in na dawo akwai mai tambayata yadda aka yi, wa ya zo, me amarya ta sa. Bara ta rasu, tun daga nan gidan ya yi mini faɗi. Ina dafa abinci in rasa dalilin dafawa, wani lokacin sai in ji na wuni ban yi magana da kowa ba sai mai kawo ɗinki. Addu'a ina yi, karatu ina yi, amma kamar mai cika aiki ne kawai.

Ana haka sai shugabar zumuntarmu, da muke kira Mama, ta dawo daga mitin ta ce an sa taron mata na yankinmu a ƙarshen watan nan, kuma ni aka zaɓa in yi koyarwa a kan farin ciki mai ɗorewa cikin Almasihu. Wai da aka kawo kan maganar ba a ma yi gardama ba, kowa sunana ya kira, domin ba a taɓa ganin fuskata a ɗaure ba. Mata suka yi ta tafi, ni ma na taya su.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa Musulma da katanga ɗaya ta raba mu, Goggo nake ce mata, ita da Inna sun yi zaman amana sosai. Ta kawo mini zani in kafe mata baki, tana zaune tana jira sai ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, tun da tsohuwa ta tafi gidanku ya yi tsit. Da da waƙarta muke sanin ta tashi lafiya. Ke da ake cewa kin fi kowa murya, ban taɓa jin ki ta katanga ba." Ba da wata manufa ta faɗa ba, ta karɓi zaninta ta sa mini albarka ta fita, ni kuwa na kasa ci gaba da taka keken.

Gaskiya ta faɗa. Inna ba ta iya waƙa ba, muryarta kamar ta ƙofar langa-langa, baiti ɗaya za ta haɗa da na wata waƙar ko a jikinta, na sha tsokanarta cewa mala'iku ma sai sun toshe kunne. Amma tana ɓare gyaɗa tana yi, tana shara tana yi, ba mai kallo ba mai tafi. Matar da ta binne miji da 'ya'ya, ƙafafunta suka kumbura har zuwa coci ya gagare ta, amma in ka ce mata sannu sai ta ce Yesu bai bar ta ba, kuma kana ganin idonta ka san ba don ta rufe maka baki ta faɗa ba. Tana kuka kam, na sha ganin ta tana kuka, sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin kukan da ba ya motsi. Ni kuwa sai da jama'a da sifika nawa farin cikin yake tashi. Washegarin maganar Goggo na gwada ina shara in yi waƙa ni kaɗai, na ɗauko baiti ɗaya na ji kunya ta kama ni kamar wadda ta shiga ɗakin da ba nata ba, na bar waƙar na ci gaba da shara.

Na je wurin Mama na ce a ba wata mace koyarwar, ni ban cancanta ba. Ban ma gama bayani ba ta rufe ni da faɗa, wai Shaiɗan ne yake so ya toshe mini baki, an riga an kai sunana, in na janye na kunyata cocinmu a gaban sauran. Da na ce mata ni fa a gida ba na jin komai, sai ta yi dariya ta ce kaɗaici ne kawai, in Allah ya kawo miji zai wuce. Na ji haushin maganar nan ƙwarai, domin Inna ba miji gare ta ba. Na yi mata sai an jima na fito, na fi baƙin ciki fiye da yadda na shiga.

Ban daina gaskatawa ba, kar wani ya fahimce ni ba daidai ba. Na san abin nan akwai shi, a gidanmu na gan shi da idona. Kuma koyarwar ba za ta gagare ni ba, na san ayoyin, na san inda zan ɗaga murya mata su ce amin. Sai dai a cikin masu sauraron nan akwai gwauraye irina da za su koma ɗaki wayam, su ɗauka su ne kaɗai suka rasa, tunda ga mai koyarwa tana ta walwala.

To 'yan'uwa me zan yi? In hau in koyar da abin da ban riƙe ba, ko in ƙi zuwa a ce na watsa wa Mama ƙasa a ido, ko kuwa in tsaya gabansu in ce ni ma nema nake yi? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita, ya gaya mini ta ina ya fara. Zuciyata ta fi karkata ga faɗin gaskiya, amma ina tsoro, domin ba mai gayyatar mai baƙin ciki ta ba da waƙa a bikinsa. In suka ji suka daina aiko da mashin, to Asabar ɗin ma ni kaɗai zan riƙa wuni.