Ruwan Sanyin Oga Alphonsus

Anguwan Rogo, Jos
Satumba, 2004

Zuwa ga Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon ƙafar nan? Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Kin tambayi yadda koyon aikin wutar lantarki yake tafiya. Don Allah ki daina gaya wa mutanen Azare ƙanenki injiniya ne. Tsani nake ɗauka, Yaya. In ɗora shi a mota, in sauke, in jingina shi a falwaya, in riƙe wani ya hau. Kafaɗata har ta yi kanta. Ran da aka bar ni na hau kuwa, in na dawo gida ko tuwon Inna ban iya gamawa barci ya kwashe ni. Har yanzu kuma ba a tabbatar da ni a aikin ba, kullum sai a ce in ƙara haƙuri.

Wanda yake koya mini sunansa Oga Alphonsus. Ibo ne amma haifaffen nan, ubansa haƙar kuza ya yi. Hausarsa ba ruwanta da mace da namiji, ko Inna in zai tambayi lafiyarta sai ya ce yaya yake. Masifaffe ne na gaske, sai dai bai taɓa cin abinci bai tura mini kwano ba. Dokarsa ta farko, wanda ya riƙe tsani ba ya saki ko da kunama ta harbe shi, domin ran na sama a hannunsa yake.

A unguwa kuma na zama abin nuni. Da an ɗauke wuta sai a yo gidanmu, kamar a aljihuna na sa ta.

Ki gaishe mini da kowa.
Ƙanenki, Uzairu


Oktoba, 2004

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa. Ina fatan azumi yana zo muku da sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Wata babbar mota ta tsinke wayoyin layinmu, daidai gaban shagon ɗinkin Kawu Jika, tun kafin a ga wata. Ga Sallah tana matsowa, ga kayan mutane jibge, Kawu ya koma taka keke da ƙafa a shekarunsa, surfani kuwa ya tsaya cak. Masu ɗan hali sun koma janareta, shi ba shi da shi. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a zaurenmu. Ya yi ta kallona.

Matsalar ita ce, tun rikicin addinin nan ma'aikatanmu Kiristoci ba sa shigowa unguwarmu, mu ma akwai inda ba ma zuwa. Ƙwararrun da suke Musulmi an tura su wani aiki can wajen Kuru, ni kuwa ba a yarda in haɗa layi ni kaɗai ba. Na yi ta bin Oga Alphonsus har gida ina roƙo. Matarsa, Madam Cordelia, ta ƙi ƙememe. Ta ce ba ta ga wutar da ta kai ran mijinta ba, ni kuma ban ga laifinta ba. Daga ƙarshe na ɗaukar mata alkawari da bakina cewa ni zan shiga da shi in fito da shi, ko ƙwarzane ba zai samu ba. Sai ta ce ta ba ni amana.

Na je wurin mai unguwa da liman, an yi sanarwa a masallaci cewa baƙo zai zo ranar Asabar, kowa ya kama bakin yaransa. Kawu har rawar jiki yake yi, wai irin wannan mutum ba a barinsa ya tafi bai sha ruwan unguwa ba. Ni dai tun da na yi alkawarin nan barcina ya ragu. Ki sa mu a addu'a.

Naki, Uzairu


Nuwamba, 2004

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Oga Alphonsus yana asibiti. Zan gaya miki yadda aka yi, amma ki karanta ke kaɗai.

Akwai abin da mutane ba su sani ba. In ka jona janareta a soket ɗin bango ba ka raba gidanka da layi ba, wutar takan bi waya ta koma har kan falwaya. Don haka da sassafe na bi duk mai janareta a layin, shago shago, na ce kada wanda ya tayar sai mun gama. Kowa ya amsa. Shagon Kawu ne kawai ban tsaya ba, tunda na san ba shi da shi.

Oga ya iso da hantsi. Wallahi an karɓe shi da mutunci, dattawa suna ta yi masa sannu, har na ji kunyar tsoron da na yi ta ji. Aka kashe wuta daga taransifoma, ya hau, ya gwada wayoyin, babu komai. Wayar kariya da ake haɗa layi da ƙasa ba ta wurinmu, masu aikin Kuru sun tafi da ita. Ya ce ba komai, aiki ne na ɗan lokaci.

Ashe Kawu ya duba ya ga rana ta yi zafi. Mu muna azumi, amma baƙo ba ya yi, kuma a ganinsa abin kunya ne a miƙa masa ruwa mai ɗumi. Sai ya aika aka aro masa janareton maƙwabci, wanda ni da kaina na sa aka kashe, aka shigo da shi ta bayan shago, aka jona shi a soket ɗin bango don a kunna firji.

Ina riƙe da tsani na ji tarin injin. Na gane ko mene ne. Oga ya cire safar hannu ɗaya yana murɗa waya, ya kuma kwance bel ɗin da ya ɗaure kansa da shi a falwaya zai gyara tsayuwa. In na saki tsani ya faɗo, in na tsaya ba mai kashe injin. Na ƙwala ihu, amma kafin ya waiwayo wutar ta fizge shi ta yar. A gabana ya faɗo, Yaya, ina riƙe da tsanin da ba kowa a kai.

Ƙugunsa ya karye, tafin hannunsa ya ƙone. Muna ɗora shi a mota sai ga Kawu da gorar ruwa a hannu yana salati, yana tambayar me ya faru. Na karɓi gorar ban san na karɓa ba. Ko sanyi ba ta fara yi ba.

Kafin magariba labari ya kai Titin Bauchi cewa an jefo Kirista daga falwaya a Anguwan Rogo. Masu shaguna suka fara rufewa, Inna ta ɗaure kayanmu a zani ta ajiye bakin ƙofa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ki yi masa addu'ar samun sauƙi.
Uzairu


Disamba, 2004

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso ta hannun direba, na gode. Ina fatan kun yi Sallah lafiya. Tamu dai ta zo ta wuce.

Gari bai tashi ba, kuma Oga ne ya hana. Da 'yan cocinsu da mutanen garinsu suka cika ɗakin asibiti, ya ce musu santsi ne ya kwashe shi, ba wanda ya taɓa shi. Duk lokacin da suka zo, hannun nan mai ƙuna yana ƙarƙashin bargo har su tafi. Haka ya gaya wa manyan ofis. Su kuma suka ce tunda da kansa ya kwance bel, sakacinsa ne, ba diyyar rauni, sai dai ritaya. Likita ya ce zai yi tafiya da sanda, amma shi da tsani har abada.

Na ce zan je in faɗi gaskiya. Oga ya zage ni tas, ya ce in na ambaci janareta ba wanda zai yarda ruwa aka so a ba shi, kuma yana da 'ya'ya a garin nan. Ya hana ni gaya wa Kawu ma, wai tsohon ba zai iya ɗauka ba. Kawu kuwa duk Juma'a sai ya kai masa lemo da ayaba, ya zauna yana yi masa nasiha a kan ya riƙa kula da ƙafarsa in ya hau sama. Oga ya yi ta gyaɗa kai.

Madam Cordelia ta sani, ita take wanke hannun. Ba ta taɓa yi mini maganar amana ba. In na gaishe ta takan amsa, ta matsa mini kujera. Na fi son ta zage ni.

Shekaranjiya aka kira ni ofis, an tabbatar da ni a aiki. Na tambayi ta ina gurbi ya samu bayan an daɗe ana ce mini babu, aka ce na Oga Alphonsus ne. Inna ta yi guɗa. Kawu ya auna ni zai ɗinka mini sabon kaftani, ya kuma ce shi zai yi walima ranar Lahadi, har ya aika wa Madam Cordelia goron gayyata.

Na gaji, Yaya. Ki rubuto ki gaya mini yadda zan yi in haɗiye abincin nan.

Ki gaida maigidan da yara.
Ƙanenki, Uzairu