Burodin Don Zelik

Yaya Perla,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya yaran?

Cikin alhini nake sanar da ke cewa ƙanenki masani ya hau bas biyu, ya ratsa Buenos Aires cikin ruwa saboda burodin Don Zelik, ya tarar da shagon a garƙame. Ni ne masanin, kuma haushi ya sa na yi ta bugun ƙofa har matarsa ta leƙo.

"Natalio, burodi a Idin Ƙetarewa, makon da mu Yahudawa ko yisti ba ma taɓawa? Duk littattafan nan naka babu kalanda? Da wa ka yi idin?"

Na yi ƙarya na ce da abokai.

Lafiyata ƙalau, ɗakin ne dai shiru. Kin ce mai zama shi kaɗai har idi yakan manta, na yi miki dariya. Ke ce da gaskiya.

Ƙanenki,
Natalio