Na Ce Masa Kin Tafi Kelle

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarsa, 'yarki Hadiza ce ke rubuto miki daga Gure. Na yi wani laifi a kan Baba, kuma ke kaɗai nake son faɗa wa.

Kin fi kowa sanin ranar da zuciyarsa ta tsaya a asibitin Damagaram. Kina bakin ƙofa riƙe da takalmansa, ma'aikata suna danna masa ƙirji har ta ci gaba da bugawa. Ya dawo mana da ƙafafunsa, da dariyarsa, da duk surorin da ya haddace. Sai dai sabon abu ya daina zama a kansa. Ke kika fara ganewa, kina cewa, "Malam ya ci tuwo sau biyu yau, kuma ya rantse ko loma bai kai ba." Shekara guda kika yi kina jinyarsa, sannan ke mai lafiyar kika riga shi tafiya. Wannan wayon naki, Inna, har yau ban gama hucewa ba.

Yanzu Baba yana zaune ne a cikin wasu shekaru da ni ban san su ba. Da hantsi nakan kai shi lambunmu na cikin kwari. Ya jingina da gindin dabino, ya ƙura wa tudun rairayi ido, iska tana ta ɗibarsa kaɗan-kaɗan, shi kuma yana kiran kowace bishiya da sunan wanda ya dasa ta. Wani lokaci ya dube ni ya ce na yi kama da wata yarinya da ya taɓa gani tana jan guga a rijiyar Alakos, ruwa yana zuba mata a ƙafa. Na san ke ce. Nakan bar shi ya daɗe a can.

Amma da mun shigo gida sai ya tambaya ina kike. Da farko gaskiya nake faɗa masa, don haka kika raine ni. Sai ya yi salati, ya fashe da kuka kamar yanzu aka fita da ke, ya sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Kin san mutanen unguwarmu, ba su iya ganin dattijo a kan tabarmar makoki su wuce. Su tuɓe takalma, su zauna, su yi masa ta'aziyya daga farko, liman ya ja addu'a, mata su aiko da kunu. Duk don kada a ba shi kunya. Kafin la'asar ya manta abin da ya tara su, bayan 'yan kwanaki ya sake tambaya.

Sau bakwai muka yi zaman makokinki, Inna. A na bakwai ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Likita ta ce zuciyar da ta taɓa tsayawa ba a yi mata irin wannan wasa. Na ji tsoro ƙwarai, don ba zan iya rasa ku duka biyu ba.

Jiya da azahar ya sake tambaya. Na ce masa kin tafi Kelle wajen ƙanwarki Iya Zara. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya. Ya yi murmushi, ya ce, "Kada wanda ya aika mata ta dawo. Ku bar ta ta huta, baiwar Allah, ta wahala da ni." Ban san yadda aka yi wahalar da kika sha da shi ta zauna a kansa ba. Ya wanke hannu ya cinye abincinsa tas, ni kuma na shiga ɗakinki na yi kukan a madadinsa.

Ki yafe mini, Innata. Gobe ma idan ya tambaya haka zan ce.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki makwanci. Ya gafarta mini wannan ƙaryar, Ya riƙe mana zuciyar Baba har ranar da zai iske ki da kansa.

Taki har kullum,
Hadiza