Wane Zango?

Lahadi, 7 Oktoba 2012
Daktora Iman ta ce kafin ta sa wa Baba kimawi, maganin ciwon dajin nan, sai ta gwada ƙwaƙwalwarsa. In ya rikice, ba za ta ba shi mai ƙarfin ba, sai na rage zafi kawai. Ni zan raka shi. Wa kuma? Ƙanena Mato yana kasuwar hatsi yana ɗinke buhunan riɗi. Ni ne mai karatun gidan.

Talata, 9 Oktoba
Baba ya faɗi gwajin.
Ni na yi tafinta, don Larabcin Baba ya fara zubewa tun da ya kwanta. Wane wata muke? Watan yankan riɗi. A ina muke? "A hanya." Shekara sittin a Gadarif, wai a hanya. Daktora ta dube ni. Kunya ta kama ni, na ce mata haka yake ɗan yi kwanan nan. Ta rubuta.

Laraba, 10 Oktoba
Mato ya yi dariya har ya ajiye kofin shayi. Wai tun muna yara amsar Baba ke nan: kakanmu ya baro Haɗeja don Makka, nan zango ne kawai. "Yaya Ustaz, littattafanka ba su gaya maka ba?"
Sun gaya mini. Babi guda na karanta a kan irinmu. Ban dai taɓa tambayar Baba ba.
Baba ma ya yi dariya. Rabon da ya yi dariya da ni tun azumi.

Alhamis, 11 Oktoba
Na zauna in koya wa Baba amsoshi kamar ɗan aji uku. Ya ce a kira masa Mato. Ni ke masa wanka, ni ke ƙirga masa ƙwayoyi. Mato ya shigo da gyaɗar marau-marau, ya zama ɗa.

Lahadi, 14 Oktoba
Daktora ta yarda a sake gwajin. Mato ya zo da basilla soke a hula, duk jikinsa ƙaiƙayi. A ina muke? A hanya. Mato ya matsa kusa da kunnensa: "Baba, wane zango?"
Gadarif, in ji Baba. Asibiti, ranar Lahadi, saura kwana goma sha biyu layya. Wasu kalmomi uku da ta ba shi ya riƙe, duk ya maido mata, har da gyara mini ɗaya.
Ta ce za a sa masa kimawin.
Kalma biyu. Ni digiri biyu gare ni.

Laraba, 17 Oktoba
Na koma na gaya wa daktora ba kwanan nan Baba ya fara ba, ni ne na yi kuskure. Ta miƙo takardar tafiya asibitin Madani, inda za a sa masa kimawin. Akwai gurbin sunan mai rakiya, guda ɗaya.
Na rubuta Mato. Gurbin ƙarami ne, sunansa ya fi gajarta.