Albarkar da Aka Sa wa Kamilu

Yaya Maitama,

Assalamu alaikum. Ya Inna da yara, ya damina a Sakajiki? Ni lafiya lau a Jidda, tsayuwar shago ce kawai ke kumbura mini ƙafafu.

Lasifikun da na aiko wa masallacinmu suna da amfilifayarsu, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, a ciki. Kada Kamilu mai gyaran rediyo ya jona musu wata, za su ƙone. Ƙaramin akwatin daidaita murya suke buƙata. Na zaɓo shi da wayarsa, alhazan Ƙaura za su taho da shi.

Na ji ranar Juma'a Liman ya yi ta sa wa Kamilu albarka, ta cikin lasifikun nan nawa. Madalla, ai ya iya murɗa waya.

A gaida Liman, a tuna mishi sunana.

Ƙanenka,
Zakariyya