Layin Farko

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya iyali, ya aikin ofishin ruwa? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

To, tunda na sauke farali, bari in faɗa maka gaskiya. Wata bakwai ke nan da injin turo ruwa ya mutu, famfunan gari sun zama turakun awaki. Ana cikin haka sai ruwa ya fara tsattsafowa a gindin bangon dam, ta ɓangaren gari. Mutane suka ce idon ruwa Allah ya buɗe musu. Mai shayi ya kawo shebur, aka faɗaɗa ramin har bokiti yana shiga. Na ce musu dam ne yake yoyo, kuma mai faɗaɗa wa yoyo baki kabarinsa yake haƙa. Mai shayi ya ce, "Malam mai gadin dam, kai dai karatu ya yi maka yawa. Baƙon da ya zo da ƙafarsa za mu kora?"

Akwai littafin da maginan dam suka bari, wanda ni da gara muke karantawa, ita daga baya, ni daga gaba. Ya ce muddin ruwan yoyo garau yake, a sa ido kawai. In ya fara fitowa da laka, to cikin bangon yake ci. Na cika kwalba na ajiye, laka ta kwanta kaurin yatsa ɗaya. Ga ta nan na ba direban motar kasuwa ya kawo maka. Kada ka sha.

Sau huɗu ina rubuta wannan a rahoton wata, shiru kake ji. Ka duba mini a kan wane teburi takarduna suke barci. Ka san gidan Inna ne na uku daga bangon.

Ka gaida amarya, in har sunan yana aiki bayan 'ya'ya huɗu.

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da Inna. Wasiƙa da kwalba sun iso. Kwalbar tana kan teburin Injiniya, shi kuma ya tafi taro, sai wata mai kamawa.

Na duba rajista. Dam ɗinku yana cikin jerin masu lafiya, wata huɗu a jere, kuma ba a tura mota inda takarda ta ce lafiya. Maganar inji an rubuta, ana jiran amincewa. Ina roƙonka kada ka taɓa bawul ɗin rage ruwa ba da izini ba. Laifin kora ne, ga shi saura shekara biyu ka yi ritaya.

Don Allah ka mai da Inna ɗakinka na kan tudu kafin a ga abin da hali zai yi.

Ka huta lafiya. Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Muna nan lafiya, irin lafiyar da ka sani.

Na kai wa Inna saƙonka. Tana tace ruwan nan da mayafi ta ce, "Shekara hamsin ina bin ruwa, yau shi ya biyo ni ƙofar gida, shi ne za ka ce in gudu? Ka gaya wa Auta ya zo ya ɗauke ni da kansa, in ya tuna hanya." Na gaya maka.

Laka yanzu yatsa biyu da rabi. An yi ruwan sama sau uku a makon nan, tafkin ya taɓa jan layin da ke jikin ma'auni. Tururuwar da ke bangon ma ta kwashe ƙwanta ta hau tudu, ita ba ta jiran amincewa.

Ga inda nake. In na buɗe bawul na rage tafkin, bango zai huta, amma kafin tsakiyar rani sai dai mu yi ta kallon taɓo, mata su koma tafiyar awa uku zuwa kogi. In na bar shi, za mu sami ruwa fiye da yadda muka roƙa, a rana ɗaya. Na kwana biyu ina juya littafin maginan nan, ina neman shafin da ya kamata ya raba mini gardama, ashe gara ta riga ni.

Abu ɗaya nake so ka binciko mini. Wane likita ne ya duba dam ɗinmu daga nesa ya ce lafiyarsa ƙalau? Ina so in kai masa ciwon bayana.

Yayanka.

*

Yaya,

Barka da ƙoƙari. Ban san ta inda zan fara ba.

Likitan ni ne. Rahoto sittin yake zuwa teburina duk wata, fom ɗin kuma gida biyu gare shi, lafiya da ba lafiya. Wanda na gada ya koya mini in duba layin farko kawai, don masu gadi a nan suke faɗin abin da ke akwai. Naka kullum da "mu nan lafiya lau" yake farawa. Ina ganin rubutunka sai in ji sanyi a raina, in ce Yaya da Inna suna lafiya, in sa alama, in ɗauki na gaba.

Jiya na zaro su huɗun na karanta har ƙarshe. Na kai wa mataimakin Injiniya, ya ce gyaran rajista sai kwamiti ya zauna, izinin bawul kuma sai Injiniya ya dawo. Kwana goma sha biyu. Ba zan ƙara ce maka kada ka taɓa ba, ba kuma ni da ikon ce maka ka taɓa.

Ka yafe mini. Kada ka gaya wa Inna.

Auta.

*

Auta,

Ba lafiya. Ga shi a layin farko.

Na buɗe bawul shekaranjiya da hantsi. Tafki ya sauka kamu uku, laka ta koma rabin yatsa, idon ruwansu ya kusa ƙafewa. Mai shayi ya daina sayar mini da shayi. Inna ba ta amsa gaisuwata, amma tana nan a gida na uku tana fushin, kuma gidan yana nan.

Rani zai yi mana tsawo, ka bi mana maganar inji. In takardar korata ta biyo ta teburinka, ka ce su sa maganar a layin farko. Ni ma na gaji da karatu.

Gaisuwar na sauko da ita nan ƙasa. Ka gaida gida.

Yayanka.